Yawon buɗe ido a sararin samaniya: sana'a ce mai ɗorewa, ko yayi ne da zai wuce?

Maman Ilham ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina fatan masu ilimin wannan fanni a cikinmu za su taimaka mini da bayani. Tun shekarar 2001, lokacin da attajirin nan ɗan Amurka, Dennis Tito, ya biya kuɗin da aka ce sun kai dala miliyan 20 ya hau kumbon Soyuz na Rasha zuwa Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, ake ta cewa an kusa kai lokacin da kowa zai iya zuwa sama ya hango duniya ya dawo. Maganar ta sake ɗaukar zafi a watan Yulin 2021, da Richard Branson ya tashi a jirgin kamfaninsa na Virgin Galactic ranar 11 ga wata, Jeff Bezos kuma ya bi sahu a rokar kamfanin Blue Origin bayan kwana tara.

Abin da nake son fahimta shi ne ko wannan harka za ta iya tsayawa da ƙafafunta har shekara hamsin ko ɗari, ko kuwa yayi ne na masu hannu da shuni wanda zai mutu da zarar sun gaji da zuba kuɗi. Masu goyon bayanta suna cewa haka jirgin sama ya fara, da tsada da haɗari, yau ga shi biliyoyin mutane suna hawa. Masu suka kuma suna cewa ana ƙona tulin makamashi don kawai mutum shida su yi shawagi na 'yan mintoci. Ni dai batun iska ne ya fi tsaya mini a rai, domin idan har tashin roka yana taɓa rufin ozon, wato iskar da ke can sama tana kare mu daga hasken rana mai cutarwa, ko yana ƙara ɗumamar yanayi, to waɗanda ko a mafarki ba za su hau roka ba, su ma za su biya nasu kason da lafiyarsu da ta 'ya'yansu. Duk da haka ba na son in yanke hukunci da son zuciya. Ina roƙon duk wanda ya san alƙaluman ya faɗe su yadda suke, ko da sun saɓa wa abin da nake zato.

Ɗan Lissafi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Ni zan ɗauki ɓangaren kuɗi, domin a ganina shi ne zai fara yanke wa harkar hukunci tun kafin a kai ga maganar iska.

Ya kamata a fara raba tafiyar gida biyu, saboda sau da yawa ana cakuɗa su a labarai. Akwai wadda ake cilla mutum sama ya wuce kilomita 80 ko 100 kaɗan, sannan ya dawo inda ya tashi. Irin ta Blue Origin ke nan: roka ta tashi daga hamadar yammacin Texas, injin ya yi wuta na kimanin minti biyu da rabi, ƙoƙon da fasinjoji shida ke ciki ya rabu da ita, su kwance bel su yi shawagi babu nauyi na minti uku zuwa huɗu, su koma kujerunsu, lema uku ta buɗe, su sauka a rairayi. Daga tashi zuwa sauka minti goma zuwa goma sha ɗaya ne. Akwai kuma tafiyar kewaya duniya, wadda sai kumbo ya kai gudun kusan kilomita 28,000 a awa kafin ya iya zama a sama ba tare da ya faɗo ba, alhali waccan ta farko gudunta bai cika wuce kilomita 3,500 a awa ba. Tun da ƙarfin da ake bukata yana ƙaruwa ne da ninkin gudu sau kansa, bambancin ya haura ninki hamsin. Shi ya sa tikitin ta farko yake a dubban ɗaruruwan daloli, ta biyu kuma aka ruwaito cewa kowace kujera a tafiyar kamfanin Axiom ta watan Afrilun 2022 ta ci kusan dala miliyan 55.

Yanzu mu duba littafin Virgin Galactic, tun da hannun jarinsa yana kasuwa, dole ne ya riƙa bayyana lissafinsa. An kafa shi a 2004 da alƙawarin fara ɗaukar fasinja cikin 'yan shekaru, amma sai a watan Yunin 2023 ya yi tashin kasuwanci na farko. Ya yi irin wannan tashi sau bakwai, sannan a watan Yunin 2024 ya ajiye jirginsa mai suna Unity don ya ƙera wasu sababbi. Kuɗin tikiti ya tashi daga dala 200,000 a farko zuwa 250,000, zuwa 450,000 a 2021. A shekarar 2023 kuɗin shigarsa bai wuce kimanin dala miliyan 7 ba, asararsa kuwa ta haura miliyan 500. Fasinja huɗu Unity ke ɗauka a lokacin da yake aiki, wato ko da duk sun biya dala 450,000, tashi ɗaya zai kawo miliyan 1.8. Idan kika raba asarar shekarar da wannan adadi, za ki ga ana bukatar tashi kusan 280 a shekara, kujeru cike, don a cike giɓin kawai, ba a ma sa kuɗin da kowane tashi zai ci ba. Sannan filin da jirgin ke tashi a jihar New Mexico da kuɗin jama'ar jihar aka gina shi, fiye da dala miliyan 200.

Blue Origin ba ya bayyana farashinsa ko lissafinsa, amma Bezos da bakinsa ya faɗa a 2017 cewa yana sayar da hannun jarin Amazon na kusan dala biliyan ɗaya duk shekara don ya ciyar da kamfanin. Kamfanin SpaceX kuwa, wanda ya ɗauki attajiri Jared Isaacman da mutum uku suka kewaya duniya kwana uku a watan Satumban 2021, kumbon da ya yi aikin da shi, mai suna Dragon, an ƙera shi ne ƙarƙashin kwangilar dala biliyan 2.6 da NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ta ba shi a 2014 don kai 'yan sama jannatinta tasha. Ɗan yawon buɗe ido ya zo ne ya tarar da kujerar da gwamnati ta riga ta biya kuɗin ƙirarta. Wani kamfanin ma, XCOR, ya sayar da tikiti, ya durƙushe a 2017 bai taɓa ɗaga kowa ba.

Saboda haka amsata ita ce, a duk waɗannan misalai harkar tana rayuwa ne a kan aljihun wani: attajiri, ko masu hannun jari, ko mai biyan haraji. Hanya ɗaya da za ta ci da kanta ita ce farashi ya sauko, tashi ya yawaita ya kai ɗaruruwa ko dubbai a shekara. Abin da wannan yawan zai yi wa sama kuwa, na bar wa masu kimiyya.

Ɗalibar Kimiyya ta amsa:

Na gode, Malam Ɗan Lissafi, domin inda ka tsaya nan ne ainihin ƙullin maganar. Yaya Maman Ilham, damuwarki tana kan hanya, sai dai ina son in karkata ta zuwa inda haɗarin ya fi yawa.

Idan iskar kabon ce kawai abin dubawa, to duk rokokin duniya idan aka haɗa su, abin da suke fitarwa ɗan kaɗan ne a gefen na jiragen sama, waɗanda su ke da alhakin kashi biyu zuwa uku cikin ɗari na kabon ɗin da ɗan'adam ke fitarwa. Gaskiya ne cewa idan aka raba hayaƙin tashi ɗaya a kan fasinja huɗu ko shida, kason kowane mutum yana da girma ƙwarai, kuma wannan batu ne na adalci da ya cancanci a yi magana a kansa. Amma abin da ya fi damun masana shi ne wurin da ake zubar da hayaƙin. Mota da masana'anta da mafi yawan jiragen sama suna sakin nasu a ƙasan sama, inda gajimare yake, ruwan sama kuma yana wanke kunkunniyar cikin kwanaki ko 'yan makonni. Roka ita ce kaɗai abin da ɗan'adam ya ƙera da ke ratsa sama tun daga ƙasa har ƙololuwa tana zubar da hayaƙi a kowane hawa, har da hawan da ake kira sitiratosfiya, wanda ya kama daga kimanin kilomita 10 ko 15 zuwa 50. A can babu ruwan sama, iskar kuma ba ta cika cakuɗuwa da ta ƙasa ba, don haka baƙar kunkunniya tana iya shafe shekaru tana yawo, tana shan hasken rana tana ɗumama wurin. A cikin wannan hawan ne kuma rufin ozon yake, wanda ke tare mana hasken rana mai ƙona fata da jawo cutar daji da yanar ido.

A 2022 masu bincike daga jami'ar UCL da ke Landan, tare da abokan aikinsu na Cambridge da MIT, sun lissafa cewa kunkunniyar da roka ke saki a can sama ta fi wadda ake saki daga sauran hanyoyi ƙarfin riƙe zafi kusan sau 500, idan aka auna nauyi da nauyi. Tun kafin su, a 2010, Martin Ross da abokan aikinsa sun gwada a kwamfuta abin da zai faru idan jirage masu irin injin da Virgin Galactic ke amfani da shi suka riƙa tashi sau dubu a shekara. Abin da ya fito musu shi ne shimfiɗar kunkunniya mai daɗewa a saman arewacin duniya, wadda ke sauya yawan ozon da yanayin zafi har a yankunan ƙanƙara na ƙarshen duniya. Ki lura da wannan adadi na dubu, Yaya, domin bai yi nisa da yawan tashin da Malam Ɗan Lissafi ya ce sai an kai kafin harkar ta yi riba ba. Wannan ne ya sa nake ganin ɗorewar kuɗi da ɗorewar muhalli suna jan igiya ɗaya ta fuska biyu: ɓarnar ƙarama ce a yau saboda tashin bai da yawa, kuma rashin yawan nan shi ne abin da kamfanonin ke ƙoƙarin kawarwa.

Adalci ne a ce ba duk roka ce ɗaya ba. Injin Virgin Galactic yana ƙona wani nau'in roba ne da iskar naitiros, kuma yana fitar da kunkunniya sosai. Falcon 9 ta SpaceX tana ƙona tataccen kananzir da oksijin, ita ma tana da kunkunniya. New Shepard ta Blue Origin kuwa haidurojin da oksijin take ƙonawa, abin da ke fita tururin ruwa ne, kuma a wannan fannin ta fi sauran tsabta nesa ba kusa ba. Sai dai ko ita ba a wanke ta gaba ɗaya ba. Saman sitiratosfiya wuri ne busasshe ƙwarai, tururin ruwa a can yana riƙe zafi kuma yana shiga cikin sinadaran da ke cin ozon. Zafin wutar injin da zafin dawowar kumbo cikin iska suna haɗa naitirojin da oksijin su samar da wasu iskoki masu cin ozon. Bayan haka, mafi yawan haidurojin da ake sayarwa a duniya daga iskar gas ake tace shi, aikin da ke fitar da kabon mai yawa a ƙasa kafin roka ta tashi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, duniya ta sha wahala kafin ta ceto ozon. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta hana sinadaran da ake sa wa firiji da na'urar sanyaya ɗaki, kowace ƙasa ta sa hannu, talakawan ƙasashe ma suka sauya kayansu, kuma rahoton masana na 2022 ya nuna cewa rufin zai koma yadda yake a 1980 wajen shekarar 2040 a yawancin duniya, a saman Antatika kuma sai wajen 2066. Wannan yarjejeniya ba ta ce komai a kan hayaƙin roka ba.

Injiniya ya amsa:

Ina girmama bayanan 'yan'uwana biyu, kuma ban musanta ko ɗaya daga alƙaluman da suka kawo ba, amma ina ganin an ɗora wa ɗan yawon buɗe ido kayan da ba nasa ba.

A 2023 an harba rokoki sama da 200 zuwa kewayen duniya, kuma waɗanda suka ɗauki masu biyan kuɗin kansu ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Mafi yawan sauran taurarin ɗan'adam suka kai, musamman na Starlink, wato taurarin intanet na SpaceX, sai na soja da na bincike. Jiragen sama kuwa suna tashi kusan sau dubu ɗari a kowace rana. Idan har hayaƙin roka zai zama matsala a shekaru masu zuwa, dubban taurarin intanet ne za su fara jawo ta. Haka batun tarkacen da ke yawo a sama. Jirgin da ya hau kilomita 100 ya sauko ba ya barin ko ƙusa ɗaya a can, domin bai kai gudun da zai sa abu ya zauna ba. Tarkacen da ake fama da su sun fito ne daga irin gwajin makamin da China ta yi a 2007, wanda ya farfasa tauraronta ya bar gutsattsari sama da 3,000 da ake iya bibiya, da karon da tauraron Iridium ya yi da wani mataccen tauraron Rasha a 2009, da gwajin da Rasha ta yi a watan Nuwamban 2021, wanda ya sa 'yan sama jannati bakwai da ke tasha suka shiga kumbunansu suka zauna cikin shirin gudu. Babu ɗan yawon buɗe ido a cikin waɗannan.

Game da kuɗi kuma, Malam Ɗan Lissafi, ina ganin shekara ashirin ta yi kaɗan a yanke hukunci. 'Yan'uwan nan biyu, su Wright, sun yi tashin farko da jirgin sama mai inji a 1903, jigilar fasinja ta farko mai jadawali ta fara a Florida a 1914 da fasinja ɗaya a kowane tashi, kuma an shafe shekaru gwamnatoci suna tallafa wa kamfanonin jirage ta hanyar ba su kwangilar ɗaukar wasiƙu kafin su iya tsayawa da kansu. A 2019 fasinjojin jirgin sama sun kai kusan biliyan huɗu da rabi. Dogaro da kuɗin gwamnati a farkon tafiya ba alamar mutuwa ba ce.

Abin da ya sauya komai a fanninmu shi ne sake amfani da roka. Har zuwa ƙarshen 2015, ƙa'idar ita ce a ƙera roka ta miliyoyin daloli, a yi tashi ɗaya da ita, ta faɗa teku. A watan Nuwamban wannan shekara New Shepard ta hau ta sauko ta tsaya a kan ƙafafunta, a watan Disamba kuma Falcon 9 ta yi haka bayan ta kai kaya sama. Tun daga nan an samu rokokin Falcon 9 da suka tashi fiye da sau ashirin kowacce. Sauƙin farashin da wannan ya kawo yana amfanar taurarin hasashen yanayi da na sadarwa da na lura da amfanin gona da ambaliya, waɗanda ƙasashe matalauta suka fi kowa bukata. Sannan an tsara ajiye tashar ƙasa da ƙasa wajen 2030, kuma tashoshin 'yan kasuwa da ake shirin su gaje ta suna sa ran wani ɓangare na kuɗinsu zai fito daga baƙi masu biya. Idan attajiri ya sayi kujera ɗaya ya rage wa mai bincike tsadar ta kusa da shi, ban ga laifin hakan ba.

Maman Ilham ta sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri, na ƙaru ƙwarai. Injiniya, na karɓi maganarka a kan tarkace, kuma na gane cewa ba masu yawon ne suka fi kowa tashi ba. Amma kwatancen jirgin sama bai kwanta mini ba, domin jirgi yana kai mutum wani wuri ne: wajen aiki, wajen iyali, wajen neman magani ko ilimi, kuma wannan bukata ce ta sa mutane suke komawa su sake hawa. Wanda ya hau sama minti goma ya dawo inda ya tashi, me zai sa ya sake biya karo na biyu da na uku? Sannan har yanzu ba wanda ya taɓa batun rai. Idan aka yi haɗari, wa ke da alhaki, kuma wace hukuma ce ke duba lafiyar waɗannan jirage kafin a saka mutane a ciki?

Baban Sadiq ya amsa:

'Yata, tambayarki ta ƙarshe ita ce wadda na so a fara da ita, kuma amsarta ba mai daɗin ji ba ce.

A ranar 31 ga Oktoban 2014, jirgin gwaji na Virgin Galactic mai suna Enterprise ya rabu da babban jirgin da ya ɗauko shi a saman hamadar Mojave, ya kunna injinsa. Jirgin yana da wata dabara ta naɗe jelarsa sama lokacin dawowa don ya rage gudu, kuma akwai makullin da mataimakin matuƙi zai buɗe bayan an wuce wani mizanin gudu. Michael Alsbury ya buɗe shi da wuri, a daidai lokacin da jirgin ke ratsa gudun sauti, ƙarfin iska ya banƙare jelar, jirgin ya tarwatse cikin daƙiƙu. Alsbury ya rasu, matuƙin, Peter Siebold, ya faɗo da lema da munanan raunuka ya rayu. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta gano cewa masu ƙirar ba su tanadi kariya daga kuskuren mutum ɗaya ba, wato sun gina jirgin a kan zaton cewa ƙwararren matuƙi ba zai taɓa yin kuskure ba. Kafin wannan, a 2007, fashewar da ta auku a wajen gwajin injin ta kashe ma'aikata uku. A watan Satumban 2022 kuma rokar New Shepard ta lalace tana cikin tashi, sai dai babu mutum a ciki, kuma na'urar tserar da ƙoƙon ta yi aikinta daidai, abin da ya kamata a yaba musu a kai.

Ta fuskar doka, a 2004 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar da ta hana hukumar kula da jiragen sama ta ƙasar kafa ƙa'idojin kare lafiyar fasinjan sararin samaniya na wani lokaci, a bisa hujjar cewa a bar masana'antar ta koyi aiki tukuna, kuma an sha tsawaita wa'adin. Hukumar tana ba da lasisin tashi, tana tabbatar da cewa roka ba za ta faɗa kan mutanen ƙasa ba, amma ba ta tantance jirgin a matsayin mai aminci ga wanda ke ciki. Abin da ake yi shi ne a karanta wa fasinja haɗarin, a gaya masa a rubuce cewa gwamnati ba ta tabbatar da amincin jirgin ba, ya sa hannu. Don a san girman abin da ake sa hannu a kai, kumbon Amurka mai fukafukai ya yi tashi 135, biyu daga ciki suka ƙare da mutuwar mutum 14, duk da ɗimbin injiniyoyi da kuɗin da NASA ke da su.

Wannan yana da alaƙa kai tsaye da ɗorewa. Jirgin Concorde, mai gudun da ya fi na sauti, ya yi jigila daga 1976 zuwa 2003, abin alfahari ne ga Faransa da Ingila, fasinjojinsa kuma masu kuɗi ne. Haɗari ɗaya a kusa da Paris a shekarar 2000, wanda ya ci rayuka 113, tare da tsadar gyara da raguwar fasinja, suka kai shi ƙasa cikin shekara uku. Sana'ar da abokan cinikinta 'yan ɗaruruwa ne, kuma babu wanda dole ta sa shi tafiyar, ba ta da ƙarfin jure irin wannan rana.

A tsakanin ƙasashe kuwa, yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta ɗora wa kowace ƙasa alhakin abin da kamfanoninta suka yi a sama, ta 1972 kuma ta ce ƙasar da ta harba abu ita za ta biya diyyar ɓarnar da ya yi a doron ƙasa. Da ita Kanada ta nemi diyya bayan tauraron Tarayyar Sobiyat mai ɗauke da makamashin nukiliya ya tarwatse a arewacinta a 1978, aka daidaita a kan dalar Kanada miliyan uku. Amma an rubuta waɗannan dokoki ne a zamanin da gwamnatoci biyu kaɗai ke kai mutum sama. Suna iya aiki idan ƙarfe ya faɗo, kamar zoben nan mai nauyin kusan kilo 500 da ya faɗo a ƙauyen Mukuku na Kenya a ƙarshen Disamban 2024, matuƙar an gano mai shi. Wanda ya cutu da raguwar ozon kuwa ba shi da ƙarfen da zai nuna, ba shi da kotun da zai je.

Ban yarda a ce a hana tafiyar ba, Injiniya, kuma ba na jin hanin zai yi aiki. Abin da nake so a duba shi ne yadda aka yi da Antatika. Ita ma wuri ce da ba mallakin kowa ba, mai saurin lalacewa, kuma masu kuɗi ne ke zuwa kallonta. An yi yarjejeniyar kare muhallinta a Madrid a 1991, kamfanonin yawon suka kafa ƙungiyarsu a wannan shekarar, aka tsayar cewa jirgin ruwa mai fasinja sama da 500 ba zai sauke mutane ba, kuma ba za a sauke fiye da mutum ɗari a wuri ɗaya a lokaci ɗaya ba, sannan a 2011 aka hana amfani da baƙin mai mai nauyi a ruwanta. Tsarin yana da nasa giɓin, tun da baƙin sun haura dubu ɗari a kakar 2022 zuwa 2023, amma an kafa shi ne tun jiragen ba su yi yawa ba, lokacin da kamfanonin ba su yi ƙarfin da za su ƙi ba.

Ɗalibar Kimiyya ta sake amsawa:

Baba, misalin hana baƙin mai ya dace da roka sosai, domin a nan ma nau'in makamashin yana da babban tasiri. Ana iya cewa duk jirgin da zai ɗauki mutane don nishaɗi kawai, ba zai yi amfani da roba ko kananzir ba, kuma haidurojin ɗinsa ya fito daga ruwa da lantarkin rana ko na iska. Fasahar tana nan, tsada ce kawai, kuma wanda zai iya biyan dala 450,000 zai iya biyan ƙarin.

Injiniya, na yarda cewa taurarin intanet sun fi masu yawo yawan tashi, har ma ina da abin ƙarawa a kan maganarka. A 2023 masu bincike na hukumar NOAA ta Amurka, waɗanda suka ɗebo samfurin iska da jirgi mai tashi can sama, sun tarar cewa kimanin kashi goma cikin ɗari na ƙwayoyin sinadarin da ke yawo a sitiratosfiya suna ɗauke da alminiyom da wasu ƙarafa da suka fito daga taurari da sassan rokokin da suka ƙone a hanyar dawowa. Wannan ya nuna cewa sawunmu ya riga ya bayyana a can tun kafin yawon buɗe ido ya kankama, don haka dokar da za a yi dole ta hau kan kowa, mai tauraro da mai fasinja. Bambancin da nake gani shi ne, idan aka zo rabon abin da sama za ta iya ɗauka, tauraron da ke gargaɗin guguwa yana da hujjar da shawagin minti huɗu ba shi da ita, kuma sauƙin farashin da ka ambata kwangilolin NASA da na masu taurari ne suka biya shi kafin a sayar da tikitin farko na kumbon Dragon. Matakin da ya fi sauƙi a fara da shi shi ne a sa wa kowane lasisin tashi sharaɗin cewa kamfani ya bayyana nau'in man da ya ƙona, da yawansa, da tsawon da ya saki hayaƙin, a kuma miƙa waɗannan alƙaluma ga kwamitin masanan da ke rubuta rahoton ozon duk bayan shekara huɗu a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal.